"Babu, a Je a Sayo": Yadda Magani Ke Isowa Tarai

Wadda ke tsakar gida tana tankaɗe, da wadda ke ɗaki tana jego, a matso da rediyo kusa. Yau gaisuwata ta musamman ta tafi ƙasar Kibiya, wurin matan Tarai da Fassi da Kahu da Durba da Nariya da Ruwan Bago, har zuwa cikin garin Rano. Allah ya bar zumunci.

'Yar uwa, akwai wata kalma da na san kin taɓa ji, ko da ba da kunnenki ba, to a bakin maigida. An kai ki asibiti, ko an kai yaro, malamin asibiti ya duba, ya rubuta 'yar takarda, sannan ya ce, "Wannan babu, a je a sayo." Da rana ne, da sauƙi. Amma a ce ƙarfe biyun dare ne, ga damina, ga mace ta haihu jini ya ƙi tsayawa, ga kemis a rufe. A nan ne "babu" ke zama maganar rai da mutuwa. Mu mata kuma muna cikin gida, abin da ke iso mu kawai shi ne ƙorafi: wai sun ɓoye, wai sun sayar, wai sai mai hanya. Wani lokaci akwai ƙamshin gaskiya, ba zan rufa wa kowa asiri ba. To amma sau da yawa maganin bai iso ba ne sam. Don haka yau nake so mu bi sawunsa, mu ga ta ina yake biyowa, a ina yake maƙalewa, da kuma inda hannunki yake a ciki, don wallahi yana ciki.

Mu fara da abin da kika fi kowa sani. Ke ce mai kula da tsabar gidanku. Kin san kwano nawa ake ci a rana, kin san kwana nawa buhu ke yi, kuma ba kya bari sai kin ga gindin buhu sannan ki gaya wa maigida. Tun da saura kike magana, saboda kin san sai ya nemo kuɗi, ya jira ranar kasuwa, a kai inji a dawo. Idan baƙi za su zo, kin ƙara lissafi. Idan sabon hatsi ya shigo, tsohon kike fara ɗiba kada ya yi ƙwari. To aikin mai kula da siton magani a asibiti ke nan, babu ragi babu ƙari. Kowane magani yana da katinsa a jikin kanta, ana rubuta abin da ya shigo, da abin da ya fita, da abin da ya rage. Wanda kwanan lalacewarsa ya fi kusa shi ake sa wa a gaba. Kuma akwai iyakar da idan magani ya sauko gare ta, dole a aika neman wani tun kafin ya ƙare.

Bambancin kawai, kasuwarsu da nisa. Yawancin magungunan asibitocin gwamnatin jiha suna fitowa ne daga hukumar samar da magunguna da kayan asibiti ta Jihar Kano, wadda ma'aikata ke kira DMCSA, a cikin birni. Ita ke sayowa da yawa daga kamfanoni, ta adana, asibitoci su aiko da buƙatunsu. Daga nan sai mota ta ɗauko, ta hau titin Zariya, ta ratse ta Bunkure, ta iso Rano inda babban asibiti yake, ta wuce Kibiya, kafin a zo maganar Tarai da ƙauyukan da ke bayanta. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, Tarai kuwa ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na Kibiya. Kin ga ashe masu jiran motar nan suna da yawa. Wanda ya aika takardarsa a makare, ko ya aika da lissafi maras kyau, sai dai ya jira wani zagayen.

To da me ake yin lissafin? Nan nake so ki saurare ni da kyau, ko ƙullu ne a hannunki ki ɗan ajiye. Da rajista ake yi. Wannan babban littafin da malama ke rubuta sunanki a ciki ranar awo, ba don ado take cika shi ba. Ƙarshen wata ake tattara abin da ke ciki, mata nawa suka zo awo, nawa suka haihu, yara nawa aka yi wa allura, ƙwaya nawa ta fita, a tura ƙaramar hukuma, daga can a tura jiha. Masu rabo a birni ba su san ki ba, ba su taɓa ganin ƙofar gidanku ba. Littafin nan shi ne idonsu. A ce a misali gari yana da masu ciki ɗari, amma ashirin ne ke zuwa awo. Kayan mutum ashirin za a nema, da ɗan ƙari saboda ko-ta-kwana. Sauran tamanin ɗin suna gida, babu wanda ya ƙirga su. Ranar da haihuwa ta zo wa wasunsu da gardama aka kwaso su cikin dare, kayan wa za a yi musu aiki da shi? Na mutum ashirin ɗin nan. Kafin wata ya raba sun ƙare, ta ashirin da ɗaya sai ta ji "babu".

Na taɓa zama da wata ƙanwata a ɗakin haihuwa na wani ƙaramin asibiti, shekarun baya. Cikinta na biyar, ba ta taɓa zuwa awo ba, don uwar mijinta ta ce su a ɗaki suka haifi nasu goma. Ta haihu lafiya a gida, sai jini ya ɓalle. Da muka isa, malamar ta buɗe firji a gabana, allurar tsayar da jini guda ɗaya ta rage, ita aka yi mata, Allah ya sa ta yi aiki. Muna nan zaune kafin asuba aka kawo wata. Har yau ina jin ƙarar babur ɗin mijinta yana fita neman allura cikin duhu. Ba ni da alhakin kowa a wannan dare, amma na daɗe ina tunanin cewa allurar da ta ceci ƙanwata, da sunan wata aka kawo ta.

Don haka idan za ki roƙi maigida izinin zuwa awo, ga hujja kin samu. Ki gaya masa cikin ladabi, lokacin da ya ci ya ƙoshi, cewa zuwan nan kamar kai sunanki ne a sa a lissafin tuwo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Iyayenmu surukai kuma, Allah ya ƙara muku girma, ku ne ya kamata ku fara cewa a kai ta.

Yanzu mu zo kan zafi, don ƙasarmu ƙasar zafi ce, magani kuwa wani ba ya shiri da shi. Allurar tsayar da jinin nan da na ambata, sunanta oxytocin. Ana so ta zauna cikin sanyin firji, tsakanin awo 2 zuwa 8 na ma'aunin zafi, tun daga kamfani har zuwa lokacin da za a zuƙe ta a sirinji. In ta sha zafin bazara a kan kanta, kamanninta ba ya sauyawa, ruwan nan garau kamar yadda yake, amma ƙarfinta ya tafi. A 2016 an yi wani bincike tare da hukumar NAFDAC, aka tattaro wannan allura daga sassan Nijeriya aka auna, sai aka tarar fiye da 70 cikin 100 ba su cika ƙarfin da aka rubuta a jikinsu ba. Ki duba fa. Shi ya sa idan ta kama dole a sayo a waje, a gaya wa ɗan aike ya lura: daga firji aka ɗauko ta, ko daga cikin kwali a kan kanta? In daga kanta ne, ya ƙara gaba.

Bari in ɗan ratse a nan, don abin yana ci mini rai. Wannan allura ita ce wasu ke kira allurar naƙuda, har a kira mai kemis gida ya yi wa mace don haihuwa ta zo da wuri. Don Allah a daina. Jariri yana ciki aka yi ta ba bisa ƙa'ida ba, tana iya fasa mahaifa, a rasa uwa a rasa ɗa. Akwai kuma ƙwaya mai suna misoprostol, ita ba ta bukatar firji, shi ya sa ta dace da ƙauye. Ana shanta bayan jariri ya fito, an kuma tabbata babu na biyu a ciki, yadda malamar asibiti ta nuna. Abokin gabarta danshi ne, don haka ba a ɓare ta daga cikin takardarta mai ƙyalli sai lokacin sha. Kada a zuba ta a kwalba ko a ƙulle a leda wai don ajiya.

Allurar rigakafin yara ita ce tafiyarta ta fi kowacce wahala. Da yawanta daga ƙasashen waje take zuwa, irin su Indiya, a jirgin sama, ta sauka a manyan ɗakunan sanyi na tarayya, ta zo siton sanyi na jiha, duk a cikin sanyi, ba a yarda ta ɗumama ko sau ɗaya ba. A da, ma'aikacin ƙaramin asibiti shi zai rufe ƙofa ya hau babur, sau da yawa da kuɗin aljihunsa, ya tafi hedikwatar ƙaramar hukuma ya ɗauko a 'yar kula. Ran da ba shi da kuɗin mai, ko ya je ya tarar can ma babu, iyaye mata su yi zaman banza su koma gida. A 2012 gwamnatin Kano ta sa hannu a yarjejeniya da Gidauniyar Dangote da Gidauniyar Bill da Melinda Gates kan gyara harkar rigakafi. Daga 2013 aka sauya tsari: aka sanya firji mai aiki da hasken rana a asibitocin mazaɓu, mota kuma ta riƙa kai musu allurar har ƙofa. Masu bibiyar shirin sun rubuta cewa yawan katsewar allura a asibitocin da ake kai wa ya sauko daga 41 cikin 100 zuwa 10 cikin 100. Allurar ba ta sauya ba, hanyar kawo ta ce aka gyara.

Ranar da kika kai yaro, ki roƙi malama ta nuna miki kwalbar, ba laifi ba ne. A jikinta ko a kan murfinta akwai ɗan da'ira, a tsakiyarsa akwai ɗan murabba'i mai haske. Duk zafin da kwalbar ta sha a hanya, murabba'in nan yana ƙara duhu, kuma ba ya komawa. In ya yi duhu daidai da da'irar ko ya fi ta, an zubar da wannan kwalba ke nan. Ko ba ki yi boko ba, idonki zai karanta miki wannan. Wasu kuma, irin allurar nan mai haɗe da rigakafi biyar da ake yi a cinya, daskarewa ce ke kashe su, don haka sanyin ma da iyakarsa.

Sannan ga abin da ke ɓata wa mata rai: an sha wahala an samu izini, an yi wanka an goya yaro, an je, a ce allurar ƙyanda sai ranar kaza. Dalili shi ne kwalba ɗaya ta yara da yawa ce, ta ƙyanda takan kai goma, ta tarin fuka ashirin, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta, bayan awa shida abin da ya rage zubarwa ake yi. Shi ya sa ma'aikata ke son tara yara rana ɗaya. Ni dai a ganina yaron da aka kawo daga nesa bai kamata a mayar da shi ba, gara a yi asarar kwalba da a yi asarar yaro, ƙa'idar aikin ma haka ta ce. Amma kafin a kai ga haka, ki aiki yaro ko ki tambayi maƙwabciya a gano miki ranar allura ta asibitinku, ku haɗu ku tafi tare da matan gidan.

Sai maganar kuɗi. Allurar rigakafi kyauta ce, ba a biyan ko kwabo. Amma magungunan yau da kullum da yawa suna ƙarƙashin abin da ake kira asusun magani mai juyawa. Tunanin ya samo asali ne daga taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako ta ƙasar Mali a 1987. Ke mai ƙuli-ƙuli ko mai dafa-duka a cikin gida, ba sai an yi miki dogon bayani ba. An ba asibiti jarin magani, ya sayar da ɗan abin da aka ɗora, ya mayar da kuɗin ya saro wani. Me ke karya sana'ar mace a cikin gida? Bashi, da cin uwar kuɗi. Yau ƙanin miji ya ɗauka zai kawo, gobe an ranta an yi cefane, jibi babu kuɗin gyaɗa. Haka asusun nan yake mutuwa: wannan ɗan uwan wane ne a ba shi, wancan zai kawo ranar kasuwa, wata rana a ɗebi kuɗin a yi wata hidima. Wata uku sai kanta ta koma fayau. Don haka idan an saya a asibiti, a karɓi rasit. 'Yar takardar nan ita ce shaidar kuɗin ya shiga asusu bai shiga aljihu ba. Kuma akwai kwamitin mazaɓa da ke sa ido a kan asibiti, da masu unguwanni da malamai da wakilcin mata a ciki. In "babu" ta yi yawa, can maigida zai kai magana, ya fi zagin malamar da ita ma jiran mota take yi.

Kada ki ɗauka ƙaramin abu ne a ce magani yana nan a lokacin da ake nemansa. Kin san jijjiga, wadda ke kama mai ciki ko mai jego ta riƙa taune harshe, wasu su ce iska ce a tsaya turare. Ciwo ne mai alaƙa da hawan jini, kuma yana da allura mai araha, magnesium sulphate. An daɗe da saninta a duniya, amma ba ta wadata a asibitocinmu ba. A 2008 aka kai ta asibitoci goma na Jihar Kano, aka koya wa ma'aikata yadda ake yinta, aka tsaya kada ta yanke. Kafin nan, cikin mata 100 da aka kawo da jijjiga, kusan 21 ke rasuwa. Bayan nan suka koma kusan 2. Rai na Allah ne, amma ya ce a yi sababi, sababin kuwa a nan har da mai lissafin sito da direban mota.

In babu makawa sai an saya a waje, to a san inda ake saye. Mutanenmu sun daɗe suna saro magani a kasuwar Sabon Gari, cikin rana da ƙura, mai kyau da jabu a haɗe. An gina cibiyar dillalan magani a Dangwauro kan titin Zariya, aka buɗe ta a 2023, a 2024 kuma kotu ta umarci dillalan su koma can, inda hukuma za ta iya sa musu ido. Ke dai abin da ya shafe ki, in an kawo miki magani ki sa ɗan makarantar gidan ya duba abu biyu: lambar NAFDAC, da watan da shekarar da zai lalace. Wasu magungunan zazzaɓi suna da wurin kankarewa, a tura lambar da ta fito ta waya, a sami amsa ko na gaske ne. Lamba kaɗai ba ta isa a saki jiki ba, masu jabu ma suna bugawa. Iyaye da yawa ba su manta 2008 ba, lokacin da wani maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin ya gurɓata da guba, yara fiye da 80 suka rasu a ƙasar nan. Mai yawo da magani a faranti ko a bayan keke, rana na dukansa tun safe, wanda yara ke kira miki shi har zaure, ki bar shi ya wuce.

Sito na ƙarshe a duk wannan tafiya, ɗakinki ne. Da damina ma'aikata suna bi gida-gida wata-wata, suna ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Na ranar farko a gabansu ake sha, na kwana biyun da suka rage a hannunki suke bari. Maganin nan ya ƙetaro teku, ya sha lissafi, ya sha hanya, ya shigo har tsakar gidanku kyauta. In kika ajiye sauran wai sai ran da yaro ya yi zazzaɓi, ko kika raba wa ɗan kishiya da ya wuce shekarun, duk wahalar nan ta tashi a banza a taki na ƙarshe. Ki ba shi ya cika kwana ukunsa.

Wurin ajiya kuma, ba a kan taga ba, ba kusa da murhu ba, ba a saman kwano inda rufi ke gasa shi ba. Ki samu 'yar roba mai murfi ki sa a wuri mai inuwa da hannun yara ba ya kaiwa. Maganin garin da ake zuba wa ruwa a girgiza, kwanakinsa ƙidayayyu ne bayan an haɗa, ki tambaya nawa ne, in sun cika a zubar. Man da ake bayarwa na shafa wa cibiyar jariri, na cibiya ne kaɗai, kada ya kusanci ido, ki ware shi daban da maganin ɗigawa. Da tsohuwar zuma ake magani, haka ne, amma ragowar ƙwayar bara da kika ƙulle a bakin zane ba zuma ba ce.

Mai ciki kuma, daga wata bakwai ki tambayi malamar awo abin da asibitinku ke bayarwa da abin da ake so ki zo da shi, safar hannu ne, auduga ce, reza sabuwa ce, sabulu ne, a rubuta miki a takarda. Ki riƙa saye da ɗaya-ɗaya daga kuɗin adashi, ki haɗa da katin awonki a jaka guda, ki gaya wa abokiyar zamanki ko uwar mijinki inda kika rataye ta. Maigida ya karɓi lambar mai mota tun yanzu, ya kuma san 'yan uwa biyu da za su iya ba da jini in an tura ku Rano.

Lokaci ya yi mana halinsa. Wadda ke da tambaya ta sa a rubuto mana, za mu karanta. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, a gaida yara, a huta lafiya.